Yadda za ku kare tsoho mai ciwon mantuwa daga zafin bazara, mataki-mataki

Tun da zafin nan ya kankama tambaya ɗaya ake ta maimaita min, wannan ta ce Hajiyarsu ta daina shan ruwa, wancan ya ce Baba ya fice da tsakar rana sai a bakin kasuwa aka tsinto shi, wata kuma ta ce tsohuwarsu ta ƙara rikicewa fiye da da ba su san me za su yi ba. Toh bari in tattara amsar wuri guda.

Abu ɗaya nake so ku riƙe kafin mu shiga matakan. Mai ciwon mantuwa, wanda a gida muke cewa gigin tsufa ko rikicin tsufa, ba zai ce muku "ina jin ƙishi" ba. Tsufa kansa yana rage jin ƙishirwa yana rage zufa, ciwon kuma ya zo ya ɗauke dabarar da za ta sa mutum ya tashi ya nemi ruwa ko ya koma inuwa ko ya tuɓe rigar da ta yi masa nauyi. Daga Maris zuwa Mayu a Sakkwato, Maiduguri, Yola, Kano, Damagaram, zafi ya wuce digiri 40 ba labari ba ne. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai 48.5, kuma a Bamako asibitin Gabriel Touré ya ga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu kacal, da yawansu dattijai. Don haka duk abin da ke ƙasa ku za ku yi masa, ba jira za ku yi ya nema ba.

1. A ɗora kula da shi a kan mutum ɗaya a kowane lokaci

Wannan shi ne farko kuma ba ya cin ko kwabo. A gidan yawa kowa yana zaton wani ya ba Baba ruwa, uwargida ta zata amarya ta kai, amarya ta zata jikoki sun kai, shi kuma yana ɗaki tun hantsi maƙogwaro a bushe. A zauna a raba: wance ce da shi daga asuba zuwa azahar, wane daga azahar zuwa isha'i, wane zai kwana kusa da shi. In mai aikin zai fita ya damƙa wa wani baki da baki, ya faɗa masa ruwa nawa aka sha, an yi fitsari ko ba a yi ba.

Gargaɗi: kar a bar wa ƙaramin yaro shi kaɗai. Yaro zai iya miƙa kofi amma ba zai gane cewa baccin da Kaka take yi ba na lafiya ba ne.

2. Ruwa, da yadda ake sa ya sha

Nan ne aikin yake, nan zan fi daɗewa.

Ku samu babbar gorar ruwa mai cin lita ɗaya da rabi ku cika ta da safe, ta zama tasa shi kaɗai kowa a gidan ya sani. Duk ruwan da za a ba shi daga cikinta za a zuba, ta haka da kallo ɗaya za ku san inda aka kwana. Abin da ake nema ita ce gorar ta ƙare kafin magariba, a ranakun tsananin zafi har a ƙara, ya kai lita 2 ko fiye in an haɗa da kunu da sauransu. Masu amfani da fiya wata, leda ɗaya rabin lita ce, kenan leda 3 zuwa 4 a wuni.

Kar ku tambaye shi "Baba za ka sha ruwa?" don amsar kusan kullum a'a ce, ko ya ce yanzu ya sha alhali tun safe rabonsa da shi. Zubawa za ku yi ku sa masa kofin a hannu ku zauna kusa, ke ma ki ɗauki naki ki kurɓa a gabansa, "Baba bismillah, ga na randa mai sanyi". Da yawansu in sun ga ana sha sai su ma su kai baki. In ya ture, a ƙyale shi minti goma a dawo kamar ba a taɓa kawowa ba, gardama ba ta sa su sha sai dai ta sa su ƙi har na gaba.

Kaɗan-kaɗan akai-akai ya fi cika masa kofi a ce sai ya shanye. Rabin kofi duk awa ɗaya in yana farke. Hanya mafi sauƙin tunawa ita ce a ɗaura shi da lokutan da gidan ya riga ya saba: bayan asuba, da karin kumallo, da hantsi, kafin azahar da bayanta, la'asar, magariba, da duk lokacin shan magani a ba shi cikakken kofi maimakon kurɓi ɗaya na haɗiye ƙwaya.

Mazubin ma yana da tasiri. Kofin gilashi da ruwa fari a ciki wani tsohon ba ya ma ganin akwai abu a ciki. A ba shi modar da ya saba da ita shekara da shekaru, ko kofin roba mai kala mai mariƙi wanda ba shi da nauyi. Ruwan randa ko na tulu ya fi mai ƙanƙara, mai ƙanƙara yana kama musu haƙori su tsani shan gaba ɗaya.

Wanda ya ƙi farin ruwa sam, a bi ta abin da yake so: farau-farau, kunun tsamiya, kunun zaƙi, koko mai ruwa-ruwa, fura da nono da aka dama da ruwa sosai, kankana, lemo, kokwamba, romo. Kankana a cire ƙwallayen a yanka ƙanana. Fura da nono da kunun aya kuwa saurin lalacewa suke a zafin nan in babu wuta, na safe kar a ba shi da yamma, gudawa a jikin tsoho a bazara tana iya kwantar da shi cikin wuni guda.

Gargaɗi na farko: babban kuskuren da ake yi, kuma na san ba da mugunta ake yi ba, shi ne a rage wa tsoho ruwa don kar ya yi fitsari a kwance. Mai wanki ta gaji, gaskiya ne, amma wallahi wankin zanin gado ya fi jinyar ƙoda sauƙi. Abin yi shi ne a tura yawancin ruwan zuwa safe da rana, a sassauta bayan magariba ba a hana ba, a riƙa raka shi bayi duk awa biyu zuwa uku ko bai nema ba, a ajiye fo kusa da gado.

Gargaɗi na biyu: wanda ke da ciwon zuciya ko na ƙoda da likita ya ƙayyade masa ruwa, kar ku bi lissafin nan, ku koma wa likitan ya faɗa muku adadin da ya dace da zafi. Mai ciwon suga kuma a cire sukari a kunun, a bar lemon kwalba. Zoɓo yana saukar da hawan jini, in yana shan maganin hawan jini kar a mayar masa da shi ruwan sha.

Gargaɗi na uku: in yana ƙwarewa ko tari duk lokacin da ya sha, a zaunar da shi sosai kafin a ba shi, da cokali, kuma abu mai ɗan kauri kamar kunu ya fi wuce masa lafiya. A gaya wa likita. Ba a ɗura wa mutum ruwa yana kwance.

3. Maganar azumi

Wasu dattijan sun saba da Litinin da Alhamis tun ƙuruciya, ciwon ya sa kullum suna tashi da cewa azumi suke, ko a watan Ramadan su dage sai sun yi. Malamai sun yi bayani cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kallafa masa azumi ba, tsohon da ba zai iya ba kuma akwai sauƙin da shari'a ta yi masa. Ku tambayi malaminku hukuncin da ya dace da halin naku tsohon, sannan ku roƙi limamin unguwa ko wani aminin Baba da yake jin maganarsa ya zo har gida ya faɗa masa da bakinsa. Abin da ɗa zai faɗa sau goma a ƙi, liman zai faɗa sau ɗaya a karɓa, in ya manta gobe sai a tuna masa "Baba ai Malam ya ce ka sha".

4. Ɗakin da yake wuni

Ku shiga ɗakinsa da ƙarfe biyu na rana ku zauna minti biyar ƙofa a yadda yake barinta. In ku ba ku iya jurewa ba to shi ma ba jurewa yake ba, faɗa ne kawai ba ya iya yi. Sau da yawa ɗakin tsoho shi ne na can ƙurya mai rufin kwano ba sili, taga ɗaya ita ma ya toshe ta da tsumma don tsoron ɓarayi ko sanyi, ɗaki ya zama kamar tanderun gurasa. In akwai ɗakin ƙasa ko soro ko ɗaki mai sili a gidan a mayar da shi can na watannin nan, a kai masa tabarmarsa da buzunsa da carbinsa da rediyonsa don wurin ya yi masa kama da nasa, sauyin wuri yana ƙara rikita su in ba a tafi da kayan da suka sani ba. In kwana ya gagara, ko wunin kawai ya riƙa yi a can ko a rumfa ko gindin darbejiya.

Tagar da rana ke bugowa a rufe ta daga waje da asabari ko zana tun hantsi, tarewa daga waje ta fi labule daga ciki. Da daddare da asuba a buɗe komai iska ta ratsa. A Maris da Afrilu da iska take a bushe, jiƙa buhu ko tsohon zani a rataye a taga yana sanyaya ɗaki sosai, a yayyafa wa ƙasa ruwa in ba siminti mai santsi ba ce. Idan damina ta matso iska ta yi nauyi wannan dabarar tana rage aiki, sai a fi dogara da inuwa da jiƙa jiki.

Wajen kashe kuɗi ga yadda zan jera: asabari, buhu, randa da mafici kusan kyauta ne, a fara da su yau. Sai ma'aunin zafin jiki na kemis, kuɗinsa kaɗan ne kuma kowane gida mai tsoho ya kamata ya mallaka. Sai fanka mai caji, ita ta kai dubunnan naira masu ɗan yawa, amma in 'ya'ya suka yi karo-karo ba ta gagara, ku nemi mai haɗe da ƙaramin faifan sola don kar ku dogara da NEPA. Sili ko shafa wa kwano farin fenti shi ne babba, wanda ke da hali ya yi, yana rage zafin ɗaki shekara da shekaru.

Gargaɗi: fanka ita kaɗai ba ta isa in ɗaki ya yi zafi ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in zafi ya haura digiri 40 fanka ƙara wa jiki zafi take, don iska mai zafi take hura masa. Sai an jiƙa fata ko riga sannan fanka take aiki. Janareta kuma a nesanta shi da taga da ƙofar ɗakin, hayaƙinsa yana kisa cikin bacci ba tare da wani ya ji komai ba.

5. Sutura da jiƙa jiki

Za ku ga Baba da singileti da 'yar ciki da babbar riga har da hular sanyi da azahar, ko Inna da zani biyu da suwaita da mayafi, in an yi magana su ce sanyi suke ji. Kar a tsaya cire musu da ƙarfi. A kwashe kayan sanyi da barguna daga ɗakin gaba ɗaya a ɓoye sai hunturu, a bar masa kaya biyu ko uku marasa nauyi na auduga masu walwala, abin da ido bai gani ba ba zai nema ba. Yadin da ke da roba-roba a ajiye shi.

Wanka safe da yamma da ruwan da ba zafi ba kuma ba ƙanƙara ba. Da yawansu suna tsoron wanka ko suna jin kunyar 'ya'yansu, to ga hanya mai sauƙi: alwala. Tsohon da zai yi faɗa a kan wanka ba zai ƙi alwala ba, a kawo buta a ce "Hajiya a sabunta alwala", fuska da hannuwa da kai da ƙafa duk sun jiƙe. Tsakanin azahar da la'asar a sa ɗan tawul a ruwan randa a matse a ɗora masa a wuya, a goge hannuwa da ƙafafu, a yi masa fifita. Namiji ya kula da namiji mace da mace in da hali, sun fi sakin jiki.

Gargaɗi: wanda ke kwance a kan ledar katifa ko yake sa famfas, zafi yana dafa fatar wurin. A shimfiɗa zanin auduga mai kauri a kan ledar, a canza famfas da zarar ya jiƙe, a wanke a busar, a riƙa juya shi duk awa biyu, a duba baya da ɗuwawu da matsematsi ko akwai ja ko ƙuraje.

6. Fita da rana

Daga wajen ƙarfe 11 na safe zuwa bayan la'asar ba lokacin fitarsa ba ne. Asibiti, gaisuwa, ɗaurin aure, a yi da sassafe ko a bari sai yamma. Sallar azahar da la'asar in masallacin da nisa ya yi a gida wani ya ja shi jam'i, ranar Juma'a in za a je a tafi da wuri a samu cikin masallaci ko inuwa, da lema da gorar ruwa, kar a bar shi a sahun kan titi.

Mai yawan ficewa kuwa, ba yawon banza yake ba a nasa tunanin, gona zai je ko tsohuwar rumfarsa ta kasuwa ko gidan iyayensa da suka rasu tuntuni. A sa sakata a can sama inda idonsa ba ya kaiwa, ko a rataya 'yar ƙararrawa a ƙofar zaure. A ɗinka masa ƙyalle a cikin aljihu ɗauke da sunansa da unguwa da lambar wayar ɗansa. A gaya wa maƙwabta da mai shago da mai shayin bakin layi da 'yan adaidaita na unguwa halin da ake ciki, ɓoye ciwon don kunya shi ne yake sa a ga tsoho yana wucewa a gaishe shi a ƙyale shi. In ya ɓace kar a ce bari a jira ya dawo, a raba kai nan take, a fara da wuraren da yake yawan ambata, a sa cigiya a masallaci, kowa ya tafi da ruwa a hannu. Takalmi ya kasance kullum a bakin ƙofa, rairayi da siminti na rana suna ƙona tafin ƙafa, mai suga ma ba zai ji ba sai an ga ƙafar ta saluɓe. Rijiyar gida a rufe ta da murfi mai nauyi.

Gargaɗi: kar a kulle shi a ɗaki a tafi unguwa, kar kuma a bar shi cikin mota a ce yanzu za a dawo, ko da gilas a ɗan sauke.

7. Magungunansa

Ku kwashe duk abin da yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku zuba a leda ku kai wa likitansa ko mai harhaɗa magani a farkon bazara, ku tambaya wanne ne ke da matsala da zafi. Masu sa fitsari irin su Lasix da Moduretic suna zuƙe ruwan jiki. Irin su Artane, amitriptyline, Largactil, haloperidol da Piriton suna rage zufa ko su hana jiki daidaita zafinsa. Ibuprofen da diclofenac da tsofaffi ke sha don ciwon gwiwa suna taɓa ƙoda in jiki ba ruwa. Masu zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri ku ɗaga maganar a ranar ganin likita.

Gargaɗi: kar ku tsayar da magani ko ku rage da kanku, likita ne zai yi. Kuma kar a saya masa maganin bacci a kemis don ya daina damun mutane da rana, wanda aka sa wa bacci ba ya shan ruwa. Magunguna a ajiye su a wuri mafi sanyi a gidan, ba kan taga ko cikin mota ba, allurar insulin in ba firji a sa ta a leda a ɗaure a ajiye cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa.

8. Abin dubawa kullum

Fitsari shi ne babban ma'auni. In fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya. In ya yi duhu ya yi wari ya ragu, ruwa ya yi kaɗan. A duba harshe da leɓe ko sun bushe, ido ko ya faɗa, jiri in ya miƙe, kwana biyu uku ba bayan gida. Da daddare in a tsakar gida yake kwana a ɗaura masa gidan sauro, wani ya kwanta kusa.

Alamar da aka fi yin sake da ita ita ce rikicewar da ta ƙaru farat ɗaya. Ciwon mantuwa a hankali yake tafiya, wata da watanni. In jiya Inna ta gane ku ta ci abinci yau kuma tana sambatu ko ta yi lakwas sai bacci, kar a ce tsufan ne ya ƙaru ko iska ce ta taɓa ta, a ɗauka rashin ruwa ne ko zafi ko wani ciwo kamar na mafitsara ko maleriya har sai likita ya ce ba shi ba ne.

9. In zafi ya riga ya buge shi

In yana cikin hayyacinsa amma ya galabaita, zufa, jiri, ciwon kai, tashin zuciya: a kai shi inuwa, a kwantar a ɗan ɗaga ƙafafu, a rage kaya, a jiƙa jiki a yi fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi. Na sacet na kemis ya fi, a ajiye guda biyar ko shida a gida tun yanzu, a haɗa yadda aka rubuta a jiki. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta wato fiya wata biyu, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe ba tozo ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In rabin awa ta wuce bai warware ba, ko yana amai, sai asibiti.

In kuwa jiki ya yi zafi rau, ma'auni ya nuna 40 ko kusa, ba ya gane mutane, yana numfashi da sauri, ya suma ko yana jijjiga, wannan ba na jira ba ne. Wani ya nemo mota ko ya kira 112, sauran su fara sanyaya shi nan take: a tuɓe kayan, a kwara masa ruwan sanyi a jiki duka, a yi ta fifita, a naɗe ƙanƙara ko fiya wata mai sanyi a ƙyalle a sa a wuya da hammata da matsematsi. A kwantar da shi ta gefe don kar amai ya shaƙe shi. A ci gaba da jiƙawa da fifita a cikin motar gilasai a sauke har a isa.

Gargaɗi: kar a ɗura masa komai a baki in ba ya cikin hayyacinsa, ko ruwa ko rubutu ko manja, huhu zai tafi. Kar a cusa cokali a baki in yana jijjiga. Kar a lulluɓe shi da bargo. Parasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, kar a ba shi a zauna jiran ya yi aiki. Addu'a a yi ta a hanya. Kuma tunda lokacin sanƙarau ne, zazzaɓi da sanƙarewar wuya shi ma asibiti ne kai tsaye. Ku tafi da ledar magungunansa, ku faɗa wa likita yaushe rabonsa da fitsari, ruwa nawa ya sha yau, da kuma yadda hankalinsa yake a ranakun da yake lafiya, don su gane bambancin.